Yini Guda a Kan Dutsen Mitchell

Ana idar da sallar asuba muka bar Asheville, ni da ɗan yayata wanda ke aikin jinya a garin. Tun da dare ya ajiye mini rigar sanyi mai kauri da hular ulu da safar hannu a kan kujera. Na tuna masa cewa jiya da rana da 'yar shara na zauna a baranda ina shan iska. Ya ce, "Kawu, ka dai riƙe su. Inda za mu tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci, amma garinsu daban da namu." Ranar wata Asabar ce a tsakiyar Oktoban 2023, kuma Dutsen Mitchell muka nufa, wanda babu dutsen da ya kai shi tsayi a Amurka daga Kogin Misisipi zuwa gabas.

Asheville tana yammacin jihar Karolina ta Arewa, cikin kwarin kogin da ake kira French Broad, duwatsu sun yi mata zobe. Daga bakin gari muka hau hanyar Blue Ridge Parkway, wadda ita kanta abar zuwa gani ce. Tsawonta mil 469. An fara ta a 1935, lokacin da gwamnatin Shugaba Roosevelt ke neman sama wa jama'a aikin yi bayan karyewar tattalin arziki, ba a kuma haɗe ƙarshenta ba sai 1987. Ba a yi ta don mai gaggawa ba. Gudu a kanta ba ya wuce mil 45 a awa, motocin dakon kaya ba sa bin ta, kuma ba za ka ga allon talla ko ɗaya ba. Doron duwatsu take bi, tana lanƙwasa, tana shiga ramin da aka fafe cikin dutse ta ɓulla ta ɗaya gefen, kuma bayan kowace 'yar tazara an ware fili inda mota za ta raɓe a yi kallo. A bakin hanya akwai gajerun turaku masu lambar mil. Mu daga wajen lamba 382 muka shiga, lambobin suna raguwa, mararrabar da muke nema tana lamba 355.

Da gari ya waye na ga abin da ke kwaso mutane zuwa wannan yanki a Oktoba. Itatuwan ƙasa-ƙasa masu faɗin ganye suna shirin kaɗe ganyensu kafin hunturu, kuma kafin ganyen ya faɗi sai ya rine: wani ja kamar an ƙunsa masa lalle, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan goro. Gangare bayan gangare haka suke har iyakar ganin ido. Muna ƙara hawa, launin yana ƙarewa. Wajen wani wuri da ake kira Craggy Gardens itatuwan sun riga sun tuɓe, gajeru ne, iska ta karkatar da rassansu gefe guda. Kunnuwana suka toshe kamar a jirgin sama. Ma'aunin zafi na mota, da ya nuna digiri 12 a cikin gari, ya dinga sauka ɗaya bayan ɗaya. Iska takan ƙara sanyi da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da mutum ya hau, mu kuwa tsakanin Asheville da ƙololuwar akwai hawan kusan mita 1,400. Da muka karya kwana muka kama 'yar hanyar jiha mai lamba 128, wadda ke ƙarasawa sama, digiri 3 ya rage, daji kuma ya koma kore mai duhu har ya yi kama da baƙi. Wannan duhun ne ya ba jerin duwatsun sunansu, Baƙaƙen Duwatsu. Jerin bai wuce mil 15 ba, ya lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi, amma shida daga cikin ƙololuwa goma mafiya tsayi a gabashin Amurka a cikinsa suke.

A ƙofar gandun na kai hannu aljihu. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, ba a biya." Gandun shaƙatawa ne na jiha, mallakar jama'ar Karolina ta Arewa, kuma shigarsa kyauta ce ga ɗan gari da baƙo.

Tsayin dutsen ƙafa 6,684 ne daga doron teku, wato mita 2,037. Mai karatu na Nijar zai iya gwada shi da ƙololuwar tsaunukan Bagzan a ƙasar Azbin, mai mita 2,022. Kusan kai ɗaya suke. Ya ɗara duwatsun Shere na Jos, amma Chappal Waddi na jihar Taraba, mai mita 2,419, ya fi shi nesa ba kusa ba. Saboda haka ban je da tsammanin ganin wani dodon tsauni ba, kuma ban gan shi ba. Dutse ne mai zagayayyen kai, tsoho, wanda ruwa da iska suka daɗe suna goge wa kaifi.

Mota tana kai mutum har dab da ƙololuwa. Daga inda ake ajiye motoci sai 'yar hanyar ƙafa mai daɓe, ba ta kai rabin kilomita ba, amma tana da tsini. A kanta na ga wani saurayi yana tura kakarsa a keken guragu, an lulluɓe ƙafafunta da bargo. Na ga uwa da goyo a ƙirji, da ayarin 'yan makaranta, da wani dattijo mai sanda biyu yana tafiya yana hutawa. Dukanmu cikin gajimare muke. Gajimaren nan da muke ɗaga kai mu hango a gida, a nan shi ne ke shafar fuskar mutum, da sanyi da laima, yana barin ɗigon ruwa a gemu da gashin ido. Malaman dajin wurin sun ce cikin kwana goma, kusan takwas gajimare yakan rufe ƙololuwar. Mun hau dandamalin hange da aka gina da dutse, wanda aka buɗe a 2009, an yi masa hanya mai gangara a maimakon matakala don keke ya iya hawa. Babu abin gani sai fari fat.

Ɗan yayata ya ce mu ɗan jira. Mun yi kusan rabin awa, hannuwa cikin aljihu, mutane suna zuwa suna ɗaukar hoto a jikin allon da ke ɗauke da tsayin dutsen suna juyawa. Can sai iska ta kaɗo daga yamma, gajimaren ya tsage kamar an yaye labule. Abin da ya bayyana ya sa kowa ya yi shiru. Duwatsu ne jere bayan jere, na kusa baƙaƙe, na bayansu shuɗi mai duhu, na bayan waɗancan shuɗi mai haske, har na ƙarshe ya narke cikin sama. A cikin kwaruruwa farin hazo ya kwanta kamar audugar da aka shanya. Ta arewa maso gabas ga Dutsen Grandfather da karyayyen doronsa. An ce ran da gari ya washe sosai ido yakan kai mil 85. Na yi tasbihi. Minti biyar bai cika ba labulen ya sake rufewa, waɗanda suka iso bayanmu ba su ga komai ba.

Masana ilimin ƙasa sun ce waɗannan duwatsu sun taso ne kimanin shekaru miliyan 300 da suka wuce, lokacin da farantin ƙasar da ke ɗauke da Afirka ya yi karo da na Amurka ta Arewa, ƙasa ta naɗe ta yi sama. Daga baya nahiyoyin suka rabu, Tekun Atlantika ya shiga tsakani. Wani ɓangare na duwatsun da wancan karo ya haifar yana kudancin Maroko har yau. Na tsuguna na shafa dutsen da ke gefen hanya, toka-toka ne mai ratsin fari, yana walƙiya kaɗan-kaɗan. Ruwan da ke sauka a kansa ma yana da nasa labarin. Atlantika ce ta fi kusa, tana gabas, amma ruwan ba can yake zuwa ba. Na gefen gabas yana gangarawa kogin South Toe, na yamma kogin Cane, su haɗu cikin Nolichucky, daga nan French Broad, sai Tennessee, sai Ohio, sai Misisipi, kafin ya faɗa Mashigin Tekun Meziko. Ya tuna mini da Kogin Kwara, wanda ke tasowa a tsaunukan Gini kusa da teku, ya juya mata baya ya yi zagayen fiye da kilomita 4,000 ta bakin hamada.

A gindin dandamalin akwai kabari, an tayar da shi da duwatsu, an manna masa allon ƙarfe. Mutane da yawa suna wuce shi ba su lura ba. Ni a nan na fi daɗewa.

Mai kabarin shi ne Elisha Mitchell, haifaffen jihar Connecticut a 1793, limamin coci kuma malamin kimiyya a jami'ar jihar da ke Chapel Hill. A zamaninsa kowa ya ɗauka Dutsen Washington na jihar New Hampshire, mai ƙafa 6,288, shi ne mafi tsayi a gabashin ƙasar. Mitchell bai gamsu ba. A 1835 ya shigo Baƙaƙen Duwatsu, babu hanya, babu taswirar kirki, mutanen ƙauyukan gindin dutse suna yi masa ja-gora, wani wurin sai da rarrafe ta ƙarƙashin sarƙaƙiya inda namun daji suka ratsa. Kayan aikinsa ma'aunin nauyin iska ne, dogon bututun gilashi mai zaiba a ciki. Hikimar ita ce, gwargwadon hawanka gwargwadon raguwar iskar da ke danne ka, don haka zaibar takan sauka a cikin bututun. In ka gwada abin da ta nuna a sama da abin da wani ma'aunin ya nuna a wani gari na ƙasa wanda aka san tsayinsa, ka sa lissafin sanyi da zafi, sai tsayin dutsen ya fito. Ka yi tunanin ɗaukar bututun gilashi ka hau dutse mai santsi cikin ruwan sama, in ya fashe aikin ya tashi a banza. Ya dawo a 1838, ya sake dawowa a 1844, a ƙarshe ya tsaya a kan ƙafa 6,672. Na'urorin zamani sun ce 6,684. Ƙafa 12 kacal ya rage masa.

Sai rigima ta taso daga inda bai zata ba. A 1855 wani tsohon ɗalibinsa, Thomas Clingman, wanda a lokacin ɗan majalisar tarayya ne, ya hau ya yi nasa awon, ya ce malaminsa bai taɓa taka ƙololuwar gaskiya ba, wata ta kusa ya hau. Suka yi ta musayar zafafan kalamai a jaridu. A 1857 Mitchell, yana da shekara 63, ya koma don ya sake awo ya kuma nemo mutanen da suka raka shi a da su ba da shaida. Ranar 27 ga Yuni ya kama hanya shi kaɗai zai tsallaka zuwa kwarin Cane. Dare ya riske shi a daji. Yana bin bakin wani rafi cikin duhu, santsi ya kwashe shi a kan wata mafaɗar ruwa mai zurfin kusan ƙafa 40, ya faɗa tafkin da ke ƙasanta. An shafe fiye da mako ana nema, har sai da wani mafarauci da ake kira Big Tom Wilson ya bi sawunsa ta karyayyun rassa da gurzajjiyar gansakuka ya kai ga gawar. Agogon aljihunsa ya tsaya a ƙarfe 8 da minti 19. An fara binne shi a Asheville, shekara ta zagayo aka tono shi aka hau da shi nan. Mutuwarsa ta kashe gardamar a idon jama'a, dutsen ya zama nasa.

Ina girmama nacin wannan mutum. Dattijo mai matsayi, wanda zai iya zama a ofishinsa ya ci gaba da rubuta raddi, ya zaɓi ya koma daji don a tabbatar da magana da awo. Ilimin ƙasa haka yake samuwa, sai wani ya taka da ƙafarsa ya auna ya rubuta. Amma gaskiya ba a faɗin rabinta. Mitchell ya mallaki bayi, ya kuma yi rubutu yana kare bauta da hujjojin addini. Clingman kuwa janar ya zama a rundunar Kudu da ta yi yaƙi don bautar ta ɗore. Ni baƙar fata ne daga Afirka ta Yamma, yankin da aka kwaso da yawa daga cikin waɗancan bayi, kuma ban iya tsayawa gaban kabarin nan na manta da haka ba. Akwai kuma waɗanda suka riga su duka sanin waɗannan duwatsu, wato ƙabilar Cherokee. A 1838, shekarar da Mitchell ya dawo awo na biyu, sojoji suka tasa ƙeyar yawancinsu zuwa yamma mai nisa, dubbai suka mutu a hanya. Kaɗan suka tsira a cikin duwatsu, jikokinsu suna nan. Dutsen da aka sa wa sunan Clingman a can kan iyakar Tennessee, a Satumban 2024 aka mayar masa da sunansa na Cherokee, Kuwohi, bisa roƙon jikokin nan. Na ji daɗin wannan labari da ya iso ni.

Daga kabarin muka shiga wata 'yar hanya da ake kira Balsam, zagaye ne da bai kai mil guda ba. Taku goma cikin itatuwan iska ta ɗauke, hayaniyar mutane ta ɓace. Ƙamshi ne ya fara tarbar mu, mai sanyi mai ratsa hanci, tsakanin ƙamshin ƙaro da na turaren wuta. Ƙasa taushi gare ta kamar katifa, gansakuka ta lulluɓe duwatsu da kututture da saiwoyi, ruwa yana ɗiga daga rassa ko da yake ba ruwan sama ake yi ba: ganyen ne ke tatsar gajimare. Iri biyu ne suka mallaki wannan daji, dukansu masu siraran ganye kamar allura, ba sa kaɗewa rani da damina. Mutanen duwatsun suna kiran ɗaya balsam mace, ɗaya balsam namiji. Macen, wadda masana suka sa wa sunan wani Ba'iskotlande mai binciken tsirrai, John Fraser, tana da ƙuraje a ɓawonta cike da ƙaro, shi ya sa suka kwatanta ta da mai shayarwa. Namijin ba shi da su, kuma ganyensa yana tsira in ka damƙa. Ɗan yayata ya matsa ƙurji ɗaya da farce, ƙaron ya fito fari kamar ruwa, mai danƙo.

Irin wannan daji na Kanada ne, can arewa mai nisa. Abin da ya kawo shi nan shi ne zamanin ƙanƙara. Ƙanƙarar ba ta iso Karolina ba, amma sanyinta ya koro itatuwan arewa zuwa kudu. Da duniya ta ɗumama suka ja da baya, sai waɗanda suka maƙale a kan dogayen duwatsu, inda sanyin bai tafi ba. Kowace ƙololuwa ta zama kamar tsibiri, da halittunta: kurege mai fata tsakanin hannu da ƙafa wanda ke shawagi daga itace zuwa itace da dare, wata mujiya da ba ta fi tafin hannu ba, da wasu ƙananan halittu masu siffar ƙadangare da laimar kwaɗo da ke ɓoye ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace. Mu dai tsuntsu muka gani, ɗan ƙarami toka-toka mai farin ciki, yana tsalle a gabanmu ba ya tsoro.

Tun a mota na lura da matattun itatuwa. A kan wannan hanya na gan su kusa: dogaye, farare, babu ɓawo babu ganye, tsaye cikin hazo kamar ƙasusuwa. Na tambayi wata malamar daji da muka haɗu da ita ko gobara ce. Ta girgiza kai, ta kai mu jikin wata balsam mace ta nuna mana wasu fararen ɗigo a ɓawon, kamar an yayyafa gari. Ƙwaro ne, bai kai ƙwayar gero ba, ya lulluɓe kansa da wani abu kamar ulu. Daga Turai ya shigo Amurka a jikin dashen itatuwa wajen 1900, aka fara ganin sa a wannan dutse a 1957, shekara ɗari cif bayan mutuwar Mitchell. Yakan soka bakinsa cikin ɓawo ya tsotsa, yawunsa kuma ya sa itacen ya yi wani tauri da ke toshe hanyoyin ruwa da abinci, cikin 'yan shekaru sai ya bushe a tsaye. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yawancin manyan balsam mata na wannan dutse haka suka ƙare.

Ƙwaron bai zo shi kaɗai ba. A shekarun 1980 masu bincike suka auna ruwan gajimaren da ke rufe ƙololuwar, suka tarar wani lokaci tsaminsa yana kusa da na ruwan lemon tsami. Hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona gawayin ƙasa a kwaruruwan Ohio da Tennessee ne iska ke kwasowa, ya gauraya da laima, dutsen da ya fi tsayi kuma shi ya fi shan sa. Masana da yawa suna ganin tsamin ya raunana itatuwan da ƙasar da suke tsaye a kai, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An gyara dokar tsabtace iska ta tarayya a 1990, jihar ta yi tata dokar a kan hayaƙin tashoshin a 2002, tsamin ya ragu ƙwarai. Malamar ta nuna mana ƙarƙashin matattun: 'ya'yan balsam ne cunkus, wasu iya gwiwa, wasu sun fi mutum tsayi, kore shar. Ƙwaron ya fi kama manya masu kaushin ɓawo, don haka ƙananan sukan samu su girma har su zubar da iri kafin ya cim musu. Irin wannan itacen ne manoman jihar ke nomawa a gangaren duwatsu suna sayarwa lokacin Kirsimeti. A gona ana yi masa feshi, a nan sama kuwa shi da ƙwaron ne.

A ɗan gidan tarihin da ke kusa da wurin ajiye motoci na ga hotunan da suka fi matattun itatuwan tayar mini da hankali. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin katako sun shimfiɗa layin dogo daga garin Black Mountain har kusa da ƙololuwa. Suka yi wa gangaren aski, abin da gatari ya bari gobara ta cinye, domin busassun rassan da aka zubar tartsatsin jirgi kaɗai suke jira. Ruwan sama ya wanke ƙasar da ta yi dubban shekaru tana taruwa. Gwamnan jihar na lokacin, Locke Craig, ya ga abin da idonsa, ya matsa wa majalisar jiha. A 1915 aka yi doka, aka ware dala 20,000 don a sayi ƙololuwar kafin a ƙarasa ta. Wannan shi ne gandun shaƙatawa na farko a Karolina ta Arewa, daga shi sauran suka biyo. Dajin da na shaƙi ƙamshinsa, wasu 'yan majalisa ne da suka mutu tun kafin a haifi mahaifina suka ajiye mini shi, da ni da tsohuwar nan mai keke. A ganina wannan shi ne mafi girman abin da ke kan dutsen, ya fi tsayinsa.

Azahar ta same mu a wurin cin abinci, inda aka jera tebura da bencina a ƙarƙashin itatuwa. Da ruwan gora muka yi alwala, sanyinsa har cikin ƙashi. Alƙibla daga can arewa maso gabas take. Muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa, mutanen teburin kusa suka rage murya har muka sallame. Sannan muka buɗe fulas ɗin shayi, da burodi da dafaffen ƙwai da dabino. Kwandunan shara na ƙarfe ne masu wani makulli da sai hannun mutum ke iya buɗewa, saboda baƙar dabbar nan da Larabawa ke kira dubbu, wadda in ta saba da abincin mutane takan zama haɗari, ƙarshenta a harbe ta. Ko ɓawon ƙwai ba mu bari a ƙasa ba. Muna shan shayi ɗan yayata yake ba ni labarin hunturun wurin: ranar 21 ga Janairun 1985 sanyi ya kai digiri 37 ƙasa da sifiri, wanda ba a taɓa auna kamarsa a jihar ba. A 2018 kuma ruwan da ya sauka a nan ya kusa inci 140. Ko a tsakiyar bazararsu da wuya zafi ya kai digiri 25.

Daga wurin cin abincin wata hanya ta miƙa arewa a kan doron jerin, ana kiran ta Deep Gap. Ƙololuwa ta gaba ita ce wadda aka sa wa sunan Gwamna Craig, mai ƙafa 6,647, ta biyu a tsayi a duk gabashin ƙasar. Da gajimare ya ɗaga na hango ta kamar in miƙa hannu. Amma hangen Dala ba shiga birni ba. Tazarar mil guda ce, sai dai a gangara tukuna sannan a hau, kan matakalar duwatsu masu santsi da saiwoyi da taɓo. Mun yi kusan awa guda. A can babu dandamali, babu allon hoto, sai falalen dutse da iska da wani ƙaramin allo mai sunan gwamnan. An jera katako a gefen hanya don kada a taka wasu ƙananan tsirrai da ba a cika samun su ba. Mutum huɗu muka tarar. Daga nan ne na ga Dutsen Mitchell da kyau, domin wanda ke kan dutse ba ya ganin dutsen. Gaba kaɗan akwai ƙololuwar da ke ɗauke da sunan mafaraucin nan, Big Tom. Ba mu ƙarasa ba, rana ta yi sanyi.

A lokacin da muka je, kowa da irin hawansa. Akwai masu farawa daga zangon da ke bakin kogin South Toe, su yi kusan mil 6 a ƙafa suna hawan fiye da mita 1,000. Akwai masu kwana a tanti a 'yan wuraren da aka tanada. A watan Mayu mahaya keke sukan taso daga Spartanburg ta jihar Karolina ta Kudu, tafiyar fiye da mil 100, su ƙare a nan sama. A Fabrairu, tsakiyar ƙanƙara, masu gudun dogon zango sukan taso daga garin Black Mountain su taɓa ƙololuwa su koma, mil 40. Wasu masu hawa da ƙafa suna ƙorafin cewa titi ya rage wa dutsen kwarjini. Ban goyi bayansu ba. Mai neman wahala ga hanyoyi nan birjik, mil guda daga motoci ma ba ka jin kowa. Amma ba don titin ba, tsohuwar nan da ba ta ga abin da ta gani ba.

Shekara guda bayan zuwanmu, a ƙarshen Satumban 2024, guguwar Helene ta afka wa yankin. A ƙauyen Busick da ke gindin dutsen an auna ruwa fiye da inci 30 cikin kwana uku, kusan abin da Kano kan samu a damina guda. Kogunan Toe da Cane, waɗanda na hango kamar zare, suka cinye gidaje da gadoji da rayuka. Ƙasa ta zaftare ta yanke Blue Ridge Parkway a wurare da dama, gandun ya yi kusan shekara a rufe. Ɗan yayata ya yi makonni babu ruwan famfo a Asheville. Allah ya kyauta, ya kiyaye na gaba.

Wanda Allah ya kai shi wannan yanki, ya tambayi halin hanya kafin ya fita, domin ƙanƙara ko zaftarewar ƙasa kan sa a rufe ta. Ya riƙe rigar sanyi ko da watan Yuli ne. In ya tarar da gajimare, ya yi haƙuri ya jira. Kada ya tsaya a allon hoto ya juya: ya karanta abin da ke jikin kabarin, ya shiga hanyar Balsam, in da ƙarfi ya ƙarasa Craig. Kuma ya tsaya a kan turba, kada ya taka 'ya'yan itatuwan da ke tasowa a ƙarƙashin matattun.